Wai me ya sa NBA ke gudun gajerun gad (masu riƙe ƙwallo suna tsara wasa) ko da sun fi kowa iya ƙwallo a jami'a?

Sadiq_Fagge:

Assalamu alaikum 'yan uwa masu bin ƙwallon kwando. Akwai abin da ya tsaya min a rai tun da aka gama diraf ɗin NBA na 2025, wato zaɓen sababbin 'yan wasa da ƙungiyoyin babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka ke yi duk shekara, kuma na rasa wanda zan tambaya, don a majalisarmu in ba Barcelona da Madrid ba babu abin da ake musu a kai, ka kawo zancen NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, sai a ce maka ita kuma wace ƙungiya ce wannan.

Maganar Mark Sears na jami'ar Alabama nake yi. Duk wanda ya kalli March Madness na 2025, gasar cin kofin jami'o'i da ake yi a Maris, ya ga abin da yaron nan ya yi wa jami'ar BYU, maki 34 ya zuba musu, jifan maki uku guda 10 shi kaɗai, ƙungiyar tasu gaba ɗaya ta jefa 25 wanda ba a taɓa yin haka ba a tarihin gasar, aka tashi 113 da 88. Cikin goman ƙarshe na azumi ne ma, bayan sha biyun dare aka fara, a waya na kalla ina gamawa na wuce masallaci tahajjud. Kafin nan a 2024 shi ne ya ja Alabama har Final Four, zagayen ƙungiyoyi huɗu na ƙarshe, karon farko a tarihin makarantar yana cin sama da maki 21 a kowane wasa, a 2025 kuma aka sa shi cikin gwanaye biyar na jami'o'in Amurka baki ɗaya. Amma wai aka kwana biyu ana kiran sunaye, mutum 59, babu sunansa ko a ƙarshen layi. Sai daga baya Milwaukee suka ba shi ɗan kwantiragin nan na tu-we wanda rabinka na NBA rabinka na G League, ƙaramar gasar da ke ƙarƙashin NBA. RJ Davis na North Carolina ma haka, shi da ya zama gwarzon ACC, rukunin jami'o'in da makarantarsu ke ciki, a 2024, ba wanda ya kira shi.

Shi kuwa Dylan Harper na Rutgers makarantarsu ko shiga March Madness ba ta yi ba, wasa 15 suka ci aka ci su 17 alhali su biyu ne a wurin shi da Ace Bailey, amma San Antonio ta ɗauke shi a lamba 2, Bailey ya tafi Utah a lamba 5. To don Allah ina adalci a nan? Ko don babansa Ron Harper ne wanda ya yi wasa da Jordan? Me mutanen nan suke dubawa ne a jikin gad, kuma waɗanda ba a ɗauka ba ina suke ƙarewa, shi ke nan ƙwallo ta ƙare musu sai neman aikin ofis?

Kawu_Ilu:

Wa alaikumus salam Sadiq. Ka fara cire zancen adalci a ciki tukuna, diraf ba bikin rabon kyauta ba ne. Kyaututtukan Sears an riga an ba shi abinsa a makaranta. Su masu ƙungiyoyin NBA abin da suke hasashen yaro zai zama nan da shekara huɗu ko biyar shi suke zuba wa kuɗi, kuma da wannan ma'aunin Sears da Harper ba sa layi ɗaya.

Makarantu suna ƙara wa yara tsayi a takarda, kowa ya san wannan. Alabama sun rubuta Sears ƙafa 6 da inci 1. To amma duk watan Mayu ana tara yaran a Chicago a cire musu takalmi a auna su, a auna hannayensu in sun ware, a auna inda yatsunsu ke kaiwa in sun miƙe, a nan asiri ke tonuwa. Sears bai kai ƙafa 5 da inci 11 ba. Harper kuwa ƙafa 6 da inci 4 da ɗoriya ba takalmi, hannayensa in ya ware sun haura ƙafa 6 da inci 10. Sannan shekaru, Sears 23 Harper 19. Abin da Harper ke yi yana shekararsa ta farko a jami'a, wajen maki 19 kowane wasa, a wannan shekarun Sears yana jami'ar Ohio ne ba wanda ya san da zamansa. Mai shekara 23 ana ganin kusan abin da zai zama ke nan, mai 19 kuwa da sauran gini a jikinsa.

Amma ni a ganina babbar matsalar ba wajen cin maki take ba, wajen tsaro ne. Bari in zana maka yadda abin ke faruwa. Wasan filayof ne, na neman kofi a ƙarshen kaka, saura minti uku, babban ɗan wasa irin Luka Doncic ko Jayson Tatum yana riƙe da ƙwallo a sama, sai ka ga ya ɗaga hannu ya nuna abokin wasansa wanda gajeren ke tsare da shi, ya yafito shi ya zo ya yi masa shinge. Wancan ya zo ya tsaya, dole a yi musanya, gajeren ya faɗo hannun Luka. Sauran su watse su ba shi fili, shi kuma ya juya masa baya ya dinga tura shi da ƙugu, taku ɗaya, taku biyu, har kusa da kwando, ya juyo ya jefa ta saman kansa, yaro ya yi tsalle iya ƙarfinsa hannunsa ko gemun mutumin bai kai ba. In aka kawo masa ɗauki a miƙa wa na kwana ya jefa uku. A dawo a sake irin ta, a sake, har sai koci ya gaji ya cire shi. Komai iya jifanka in ana samun maki biyu a kanka duk zuwa, to kai asara ne a minti ukun nan, kuma don minti ukun nan ake gina ƙungiya.

A jami'a ana iya ɓoye gajere. Babu dokar daƙiƙa uku ta masu tsaro, dogonku zai iya kafa tanti a ƙarƙashin kwando ya jira duk wanda ya wuce ka, ana tsaron yanki sosai, kuma yawancin waɗanda kake karawa da su ba za su taɓa cin abinci da ƙwallo ba. Agogon jifa daƙiƙa 30 ne a can, NBA 24. Layin maki uku mita 6.75 ne a jami'a, NBA 7.24 daga sama. Wasa minti 40 a can wajen sau talatin da wani abu a shekara, nan minti 48 sau 82 ban da filayof, jikin ƙaramin mutum yana jin wannan.

Kuma tunda ka kawo wasan BYU, me ya sa ba ka kawo wanda ya biyo bayansa ba? Kwana biyu tsakani suka haɗu da Duke aka ci su 85 da 65, Sears maki 6 ya samu, ya jefa 12 biyu suka shiga. Duba biyar ɗin farko na Duke a ranar, Proctor, Sion James, Knueppel, Flagg, Maluach, babu ɗan ƙasa da ƙafa 6 da inci 5 a cikinsu kuma duka biyar ɗin an ɗauke su a diraf ɗin nan. Masu farautar 'yan wasa wannan daren suka fi riƙewa don shi ne ya fi kama da abin da zai tarar kullum a NBA.

Wani abu kuma, kowace ƙungiya ta riga tana da mai riƙe mata ƙwallo. Kujeru 30 ne kacal. Wanda ya saba ƙwallo na hannunsa koyaushe a makaranta, a NBA za a ce masa ga minti 12, ka tsare mutum tun daga tsakiyar fili, ka tsaya a kwana in ta zo ka jefa, kar ka zubar da ƙwallo. Wannan aikin an fi son a ba mai ƙafa 6 da inci 5 irin Alex Caruso, wanda shi ma ba a ɗauke shi a diraf ɗin 2016 ba amma ga shi da zoben cin kofi biyu, Lakers 2020 da Oklahoma 2025.

Abba_Knicks:

Kawu da girman kujerarka amma wallahi ban yarda da kai duka ba, kana magana kamar mutanen nan ba sa kuskure alhali tarihi cike yake da kwaɓarsu. Jalen Brunson fa? Kofi biyu ya ci da Villanova 2016 da 2018, shi ne gwarzon jami'o'i na 2018, aka bar shi har lamba 33 saboda irin wannan lissafin naka, wai gajere ne, wai ba ya tsalle, wai ya girma. Dallas ma da suka ɗauke shi ba su san abin da ke hannunsu ba suka bari ya tafi New York a 2022 kan dala miliyan 104 na shekara huɗu, a lokacin mutane na ta ihu wai an yi asarar kuɗi, ga shi a 2025 ya kai mu 'yan New York Knicks wasan ƙarshe na yankin gabas karon farko tun 2000. Mutum 32 aka fifita a kansa, je ka duba sunayen nan ka faɗa min nawa ne a cikinsu suka kai shi yau.

Fred VanVleet shekara huɗu ya yi a Wichita State ba wanda ya kira sunansa a 2016, Toronto suka ɗauko shi a banza, 2019 shi aka sa ya bi Curry duk inda ya sa ƙafa a wasan ƙarshe kuma ya zuba 22 a wasa na shida suka ɗau kofi, ya zama All-Star a 2022, Houston suka ba shi kusan dala miliyan 130 a 2023. Payton Pritchard shekara huɗu a Oregon lamba 26, a 2025 shi ne gwarzon 'yan benci. TJ McConnell ba a ɗauke shi ba a 2015 amma kowa ya ga yadda ya hana Oklahoma sakat yana buga wa Indiana a wasan ƙarshe na 2025. Jose Alvarado da ya yi suna a New Orleans yana laɓewa a kwana yana sace ƙwallo ta baya shi ma ba diraf. Isaiah Thomas ƙafa 5 da inci 9, shi ne na 60, na ƙarshe ƙarshe a 2011, ya zo yana cin kusan 29 a Boston.

Kai Curry kansa da ya fito daga Davidson ai Minnesota gad biyu suka ɗauka a jere a gabansa a 2009, Rubio da Jonny Flynn, suka bar shi ya faɗa lamba 7. Lillard daga Weber State, McCollum daga Lehigh, Ja Morant daga Murray State, duk ƙananan makarantu. Ni dai abin da na yarda da shi in ka iya ka iya. Kuma ko a 2025 ai Walter Clayton na Florida ɗan shekara 22 ne ya tafi a lamba 18 bayan ya ci wa Auburn 34 ya ɗau kofi, to ka ga ana kallon abin da mutum ya yi a Maris ɗin ma. Sadiq kar ka cire rai da mutuminka.

Kawu_Ilu:

Abba ai waɗanda suka tsira kake ƙirgawa. Brunson ƙafa 6 da inci 1 zuwa 2 ne kuma dubi ƙirjinsa da cinyoyinsa, ba a tura shi, shi ke tura mutane. VanVleet da Alvarado da McConnell tsaro ne ya fara ba su wurin zama kafin a bar su su jefa. Clayton ya fi Sears tsayi da inci uku ko fiye. Isaiah Thomas kuma ka ƙarasa labarin mana, ƙugunsa ya samu matsala a 2017 Boston suka sayar da shi Cleveland, daga nan sai yawo ƙungiya zuwa ƙungiya, babban kwantiragin da yake jira bai taɓa zuwa ba, don gajere in gudunsa ya ragu ko kaɗan babu abin da ya rage masa. Kuma ga naka lissafin ta ɗaya gefen, Trey Burke gwarzon 2013, Frank Mason gwarzon 2017, Jimmer Fredette gwarzon 2011, ina suka tsaya a NBA?

Zee_Zariya:

Sannunku. Ni ɓangare na biyu na tambayar Malam Sadiq zan taɓa don na ga Kawu da Abba sun maƙale a NBA kamar in ba ita ba babu ƙwallo a duniya. Ku yi lissafi mana, makarantun rukuni na ɗaya na NCAA kaɗai sun haura 360, 'yan wasa sama da dubu biyar, diraf kuma mutum 60 ne a shekara in ba a ƙwace wa wata ƙungiya nata ba, a cikin 60 ɗin ma akwai yaran Faransa da sauran ƙasashe da ba su taɓa taka jami'ar Amurka ba. NCAA da kanta lissafinta wajen mutum 1 cikin 100 ne ke samun diraf. NBA gaba ɗaya kujeru 450 ne sai tu-we uku uku kowace ƙungiya, 90 ke nan. Sauran fa ba mutuwa suke ba.

Ni EuroLeague, gasar manyan ƙungiyoyin Turai, na fi kallo saboda lokacinta ya fi min daidai, bayan isha'i ake bugawa ba sai na hana kaina barci ba, kuma in kun lura gajerun gad na Amurka su ke riƙe da gasar. Mike James daga Lamar ya fito ba wanda ya ɗauke shi a 2012, ya fara daga ƙananan ƙungiyoyi yana hawa a hankali, yau shi ne wanda ya fi kowa yawan maki a tarihin EuroLeague kuma ya zama gwarzon gasar a 2024 da Monaco. Shane Larkin na jami'ar Miami an ɗauke shi lamba 18 a 2013 bai zauna ba, ya koma Anadolu Efes ta Turkiyya ya ci kofi biyu a jere 2021 da 2022, ya taɓa zuba wa Bayern 49 a wasa ɗaya, har fasfo Turkiyya ta ba shi. Markus Howard wanda ya fi kowa cin maki a jami'o'i a 2020 yana Marquette, irin Sears ne sak a jiki, Denver suka riƙe shi a tu-we shekara biyu yana ɗumama benci, ya tattara ya tafi Baskonia ta Sifen ya zama wanda ya fi cin maki a EuroLeague a 2024. Kendrick Nunn ya bar NBA ya je Panathinaikos ya ci kofi a 2024 ya zama gwarzo a 2025, ku kalli yadda filinsu na Atina ke cika ana waƙa ana kunna wuta tun kafin a fara, wallahi wasu filayen NBA ba su kai nan zafi ba. Shi Fredette da Kawu ya ambata China ya tafi Shanghai yana cin 70 da wani abu a wasa ɗaya, ƙarshe ya buga wa Amurka ƙwallon mutum uku uku a gasar Olamfik ta Paris 2024.

Wasu ma ƙasa sukutum suke samu. Lorenzo Brown na NC State Sifen ta ba shi takardar zama ɗan ƙasa a 2022 ya je ya ci musu kofin Turai a shekarar. Carlik Jones da ya yi Radford da Louisville yana buga wa Sudan ta Kudu, shi ne ya kusa kunyata su LeBron a Landan a 2024 da aka tashi 101 da 100.

Amma kar a ɗauka can ɗin ma shimfiɗa ce. Manyan ƙungiyoyin ne ke biyan miliyoyi, kuma yawanci albashin Turai bayan an cire haraji ake faɗarsa, ga gida ga mota. Na ƙasa kuwa yaro zai samu kansa a wani ƙaramin gari cikin sanyi ba ya jin yaren kowa, atisaye sau biyu a rana, koci na zaginsa, in aka ci su wasa uku a jere baƙon ake fara sallama don shi aka kawo ya ci maki, wasu wuraren albashi ma sai ya yi wata biyu bai fito ba. Kuma ƙasashe da yawa suna da iyakar baƙin da ƙungiya za ta yi wa rajista, ga sababbin yara na fitowa daga jami'a duk shekara suna neman kujerar taka a farashi mai sauƙi. G League kuma albashinta na gama-gari bai wuce dala dubu arba'in da wani abu ba a kaka, masu zama a can don kusanci da NBA suke zama, ko za a kira su kwantiragin kwana goma. Shi tu-we ɗin da Sears ya samu ya kai wajen dala dubu 600 in ya cika shekara, to ka ga ba abin tausayi ba ne yadda kake zato.

Sadiq_Fagge:

Kai na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Kawu wasan Duke ɗin nan dama na so in manta da shi ne ka tono. To bari in faɗi abin da ya sa abin ya dame ni, ƙanena ne yake buga gad, shekararsa 17 tsayinsa bai wuce na Sears ba, kullum yana fili da yamma kuma gaskiya yana da hannu, burinsa jami'ar Amurka daga nan NBA. Har wani ya zo ya ce a ba shi kuɗi masu yawa zai samo masa sikolashif, Baba ya ce a dakata tukuna. Me za ku ce?

Dr_Mansur_Ohio:

Sadiq ka gaishe da Baba, ya yi daidai da ya ce a dakata. Ina karatu a nan kuma ina ganin yadda abin ke tafiya, makarantar da ke son yaro kocinta ne ke nemansa da kansa, ya ga bidiyon cikakken wasa, ya yi magana da iyaye, makaranta ta turo takardar I-20 ta neman bizar karatu a je ofishin jakadanci. Ba a sayen sikolashif a hannun ɗan tsakiya. Akwai wani yaro ɗan wajenmu da aka karɓi kuɗin gonar babansa aka kawo shi wata makarantar share fage da ba ta da ko filin kanta, su takwas a ɗaki biyu, bayan wata huɗu wurin ya rufe. Sannan sai NCAA ta tantance sakamakonsa na sakandare kafin ya taka fili a rukuni na ɗaya ko na biyu, don haka ya riƙe WAEC ɗinsa da kyau, ba wasa nake ba.

Gaskiyar da ba a son faɗa kuma ita ce masu zuwa Afirka neman yara tsayi suke nema. Amurka cike take da gad masu ƙafa 6 da suka fara dirbil tun suna shekara biyar, kowane gari akwai su, ba abin da zai sa koci ya tsallaka teku ya ɗauko wani. Abin da ba su da shi da yawa shi ne irin Khaman Maluach mai ƙafa 7 da inci 2, wanda ya bi ta makarantar NBA da ke Saly a Senegal ya je Duke shekara ɗaya aka ɗauke shi lamba 10. Duba gad ɗin D'Tigers, tawagar Najeriya, ma, kusan duk a can suka tashi. Gabe Vincent a California aka haife shi, ya yi UC Santa Barbara ba a ɗauke shi ba a 2018, ya yi G League a Stockton, Miami suka ba shi tu-we, ya ci 21 ranar da Najeriya ta doke Amurka 90 da 87 a Las Vegas a 2021, ya kai wasan ƙarshe a 2023 sannan Lakers suka ba shi dala miliyan 33 na shekara uku. Josh Okogie a Legas aka haife shi amma yana ƙarami aka tafi da shi, Georgia Tech ya yi. Chamberlain Oguchi da ya zama gwarzo lokacin da muka ci kofin Afirka a 2015 a Tunisiya shi ma tashin Texas ne.

Wanda ya fi kusa da labarin ƙanenka shi ne Masai Ujiri, kuma Zee za ta fi ni sani tunda a Zariya ya tashi. Ƙaramar kwaleji ta shekara biyu ya fara a Bismarck can North Dakota, ya yi 'yan shekaru yana buga ƙananan gasanni a Turai, bai taɓa buga NBA ba, ya koma farautar 'yan wasa har da kuɗin aljihunsa da farko, ƙarshe shi ne shugaban Toronto lokacin da suka ɗauko VanVleet ɗin da Abba ke yabo suka ci kofin 2019. Irin waɗannan kwalejojin na shekara biyu da rukuni na biyu da NAIA, ƙungiyar wasannin ƙananan kwalejoji, su ne ƙofar da ta fi buɗuwa ga yaro irin naku, in ya yi kyau a can yanzu canja makaranta ya yi sauƙi, Sears ɗin ma daga Ohio ya koma Alabama, Clayton daga Iona ya koma Florida.

Wani abu da ba a taɓo ba a zaren nan shi ne kuɗin NIL, wato kuɗin da ɗan wasa ke samu da sunansa da hotonsa. Tun Yulin 2021 aka halatta wa 'yan wasan jami'a su ci kuɗi da sunansu, a 2025 kuma kotu ta amince makarantu su dinga biyansu kai tsaye, har wajen dala miliyan 20 da rabi kowace makaranta a shekara a duk wasanninta. Wannan ya juya lissafin gad irin Sears gaba ɗaya. Zagaye na farko na diraf ne kawai ke da tabbacin albashin shekara biyu, na zagaye na biyu sai yadda aka yi ciniki, to yaron da ake hasashen zai faɗa lamba 40 me zai kai shi alhali makaranta za ta ba shi abin da ya fi tu-we? Shi ya sa masu fitowa diraf kafin su gama makaranta suka ragu daga sama da 300 a 2021 zuwa 106 a 2025, Pettiford ya koma Auburn, Philon ya koma Alabama, Braden Smith na Purdue ko fitowa bai yi ba. Ga gajeren gad da yawa shekarunsa na jami'a su ne lokacin da zai fi samun kuɗi a rayuwarsa ta ƙwallo. Sai dai ɗan waje mai bizar karatu ta F-1 akwai takura a kan aikin da zai yi a cikin Amurka ya karɓi kuɗi, dole makaranta da lauya su duba masa kafin ya sa hannu a komai, in ba haka ba bizar ce za ta tafi.

Kuma ya dinga kallon BAL, gasar ƙungiyoyin ƙwallon kwando na Afirka, tun 2021 ake yin ta, Rivers Hoopers ta Najeriya sun zo na uku a 2024, masu farauta na zuwa kallo.

Kawu_Ilu:

Dakta ya gama magana. Sadiq ka ce wa yaron ya rage jifan nesa da yake ɗora wa a TikTok, ya koyi dirbil da hannun hagu har ya zama daidai da dama, ya koyi tsare mutum tun daga layin can ba tare da ya yi fawul ba. Ka ɗauko min bidiyon wasa guda cikakke daga farko har ƙarshe, ba yankan wuraren da ya ci ba, ina son in ga abin da yake yi in ƙwallo ba ta hannunsa da kuma yadda yake komawa baya in sun zubar. Ka turo ta inbos zan duba ranar Asabar in Allah ya kai mu.

Abba_Knicks:

Kawu in ka ga yaron ya iya sai ka ce ai gajere ne 😂 Sadiq ni ma turo min.